Abin da teburin bashi ya koya mini game da masu aikin jinga

A shekarun da na yi ina duba takardun masu neman bashi a wani ƙaramin banki, ɗan albashi bai taɓa ba ni wahala ba. Ya kawo takardar aikinsa, mu ga ranar da albashi ke faɗowa, mu lissafa abin da za a riƙa cira duk wata, a sa hannu. Waɗanda suka sa na sake koyon aikin su ne masu aikin jinga: mai ɗaukar bidiyon biki, mai zanen fasta a kwamfuta, mai fassara, mai haɗa wa gidaje sola. Da yawansu in aka tara abin da suke samu a shekara, sun fi malamin firamare nesa ba kusa ba. Amma malamin ake ba, su kuma a ce su je a neme su.

Da farko an nuna mini cewa matsalarsu ita ce samunsu ba shi da tabbas. Da tafiya ta yi tafiya sai na gane ba hawa da saukar kuɗi ne ke tsorata banki ba, domin manomi ma lokacin girbi yake jira, kuma ana ba shi. Abin da banki ke tsoro shi ne kuɗin da bai gani da idonsa ba.

Ɗauki mai bidiyon biki. A watan Sha'aban ba ya samun barci, kowa na son a kai amarya kafin azumi. Azumi na kamawa sai kasuwa ta yi tsit, bayan salla ta sake buɗewa. Wannan ai tsari ne, ana iya lissafa shi. Sai dai in ya kawo takardar shige da ficen asusunsa, ba za ka ga ko rabin wannan ba. Kafin alƙalami a hannu aka ba shi, cikon an tura asusun ƙaninsa saboda nasa ya ƙi karɓa a ranar, wani kuma wurin mai POS na bakin layi ya karɓa. Ya rantse mini yana samu, ni ma na yarda yana samu, amma kwamitin da zai amince da bashin takarda yake karantawa, bai san fuskarsa ba.

Shi ya sa nake ce wa kowannensu ya ware asusu guda na sana'a, duk abin da aiki ya kawo ya bi ta nan, ko da a hannu aka ba shi ya je ya zuba kafin ya taɓa. Ya roƙi mai turo kuɗi ya rubuta na mene ne. Ya riƙe littafin rasit. In da hali ya yi wa sunan sana'ar rajista a CAC, hukumar yi wa kamfanoni rajista. Yawancin masu ba da bashi bayanan wata 6 suke nema, amma ni na fi so mai aikin jinga ya kawo na wata 12, don a ga kakarsa da raninsa gaba ɗaya. Masu aron kuɗin aboki su zuba yau su cire gobe don asusu ya yi kyan gani kuwa, su sani ana ganewa, kuma daga nan maganar ta mutu.

Inda na fi jin tausayin mutane shi ne batun tsohon bashi. Bashi hanji ne, yana cikin kowa, kuma ban taɓa ɗaukar wanda ya taɓa gazawa a matsayin mutumin banza ba. Abin da mutane ba su lura da shi ba shi ne zamanin ɓoyewa ya wuce. Tun da aka kawo lambar BVN a 2014, duk asusun mutum a ɗaure suke da juna. Akwai kamfanoni uku masu lasisin adana tarihin bashi a Najeriya: CRC, FirstCentral da CreditRegistry, kuma sai an leƙa wurinsu kafin a ba ka. Daga watan Agustan 2020 kuma Babban Banki ya fara aiki da tsarin GSI, wanda ya ba banki damar kwasar kuɗinsa daga asusunka na wani bankin in ka daina biya. Mutane da yawa sun karɓi bashin korona na 2020 suna ɗaukarsa rabon gwamnati ne, sai da suka zo neman wani bashin, ko suka wayi gari an zare musu kuɗi, suka san rance ne. Haka ma 'yan dubban da aka ara a manhajar waya aka goge manhajar: manhaja ta tafi, suna yana nan a rubuce.

Dokar adana tarihin bashi ta 2017 ta ba kowa damar karɓar rahoton bashinsa kyauta sau ɗaya a shekara, kuma kaɗan ne suka sani. Ka karɓa ka karanta kafin ka zo wurinmu. Na sha ganin bashin da aka riga aka biya yana nan a matsayin ba a biya ba, don wanda ya bayar bai sabunta bayani ba; wannan ana gyara shi in ka kai ƙorafi da shaida. In kuwa da gaske ana bin ka, ka koma wurin mai kuɗin da ƙafarka, ku yi yarjejeniya, sau da yawa ana sassauta tarar da ta hau kai. Ka gama biya, ka karɓi takardar shaidar ba a bin ka komai. Tabon ba ya gogewa nan take, amma akwai bambanci babba tsakanin "bai biya ba" da "ya makara amma ya biya". Kuma ka faɗa da bakinka tun kafin kwamfuta ta faɗa. Wanda ya ce mini, "Malam, akwai wani bashi da ya kayar da ni lokacin rashin lafiyar mahaifiyata, ga takardar na biya," ina da abin da zan tsaya a kai in kare shi. A ganina ma ya fi wanda bai taɓa cin bashi ba, don shi an gwada shi an ga halinsa.

Sai girman bashin. Mai aikin jinga yakan auna kansa da watan da ya fi samu, ni kuwa da watan da ya fi rashi nake auna shi, don biyan wata-wata bai san azumi ko damina ba. A ce a mafi munin wata kana samun naira dubu 90, to kada biyanka ya kai rabin haka. Ka kuma tambayi jimillar abin da za ka mayar, kada ka tsaya a kan "kashi 5 kacal". Kashi 5 a wata kashi 60 ne a shekara, kuma wasu a kan uwar kuɗin suke lissafawa har ƙarshe, ko da ka biya rabi.

Mai gudun kuɗin ruwa yana da mafita. Bankuna irin su Jaiz, da ya fara aiki a 2012, da TAJ, da ya biyo baya a 2019, suna yin murabaha: su sayi kyamarar ko kwamfutar su sayar maka da ribar da aka yanke tun farko. Wannan ya dace da mai sana'ar hannu, don kuɗin ba ya bi ta aljihu balle hidimar gida ta cinye shi. Amma su ma suna duba tarihin bashi, kuma suna neman mai tsaya maka. Kafin ka jawo yayanka ya tsaya maka, ka tabbata ya fahimci cewa in ka gaza shi za a nema.

Akwai waɗanda nake ce wa su dakata tukuna. Wanda ke cin bashin wannan manhaja don ya biya waccan, ƙarin bashi ba zai fitar da shi ba, kuma ba na jin nauyin gaya masa. Irinsa nakan ce ya shiga adashi ko ƙungiyar gama kai ta 'yan sana'arsa, ya rufe ƙananan basussukan ɗaya bayan ɗaya, ya bar asusun sana'a ya tara tarihin wata shida. In ya dawo, mu fara da ɗan kaɗan wanda zai iya gamawa cikin wata uku ko huɗu, a rubuta masa cewa ya biya a kan lokaci, sannan mu zauna maganar kyamara.