Kafin ka zuba ajiyarka a bankin intanet, duba yadda za ka fitar da ita

Jama'a akwai maganar da ta daɗe tana ci min rai a kan waɗannan asusun ajiya na intanet, waɗanda ba reshe ba kanta ba layi, komai a waya ake gamawa. Kusan duk wanda ya tuntuɓe ni kan wanne zai buɗe tambayarsa ɗaya ce, wanne ya fi ba da riba. Ni kuma gaskiya wannan tambayar can ƙarshe nake ajiye ta. Abin da ya fi damuna shi ne ranar da buƙata ta taso maka ba shiri, asibiti ne ko kuɗin haya ko wani naka ya shiga matsala, kwana nawa kuɗin nan zai yi a hanya kafin ya iso hannunka.

Ba wai ribar ƙarya ba ce fa. Bankin da ba ya biyan hayar rassa da albashin ma'aikatan kanta dole yana da rarar da zai ƙara wa masu ajiya, shi ya sa sau da yawa nasu ya fi na tsofaffin bankuna. Amma wannan adadin da suke rubutawa da manyan baƙi a talla ba a daskare yake ba, babban bankin ƙasa na rage nasa su ma za su rage, wasu kuma na 'yan watannin farko ne kawai don su jawo ka, daga baya ya sauko kai ba ka ma lura ba. Yi lissafi da kanka, kana da 10,000 a ajiye, bambancin riba na rabin kashi ɗaya cikin ɗari, abin da zai kawo maka 50 ne kacal a shekara guda cur. A kan 50 ɗin nan mutum zai kwashe ajiyarsa ya kai inda bai san kowa ba bai san wa zai kira ba? Masu gudun kuɗin ruwa kuma akwai bankunan da ke aiki da tsarin mudaraba, ana raba ribar kasuwanci ne, su ma dai duk abin da zan faɗa a ƙasa ya shafe su.

Abu na farko da nake dubawa, shin wannan banki ne na gaske mai lasisi, kuma hukumar inshorar ajiya ta ƙasar ta san da shi? A Amurka hukumar da ake kira FDIC na tsaya wa mai ajiya har dala 250,000 a kowane banki, a Tarayyar Turai yuro 100,000 ne, ƙasashe da yawa suna da irin wannan hukuma da nasu adadin. Kar ka yarda da tambarin da suka manna a manhajarsu, shiga shafin hukumar da kanka ka nemi sunan. Dalilina kuwa, manhajoji da yawa masu kyan fuska ba bankuna ba ne sam, kamfanonin fasaha ne da ke karɓar kuɗinka su ajiye a wani banki ta hannun wani ɗan tsakiya. A 2024 wani irin wannan ɗan tsakiya mai suna Synapse ya durƙushe a Amurka, mutane suka wayi gari asusunsu a kulle wata da watanni, saboda lissafin wa ke da nawa bai daidaita tsakanin kamfanin da bankunan ba, inshorar kuma ba ta motsa ba tunda ba banki ne ya rushe ba. Wallahi wannan labarin ya taɓa ni sosai, don mutanen nan ba caca suka yi ba, ajiya suka yi.

To yanzu jinkirin transfa, wanda shi ne ainihin ciwon. Mutane da yawa suna ɗauka da ka danna tura shikenan kuɗin ya tashi, alhali a tsohon tsarin tura kuɗi tsakanin bankuna irin ACH na Amurka tara umarnin ake yi a tura su rukuni-rukuni, a ranakun aiki kaɗai, kuma kowane banki yana da lokacin da yake rufe karɓa a rana. Yawanci kwana ɗaya zuwa uku ne na aiki. Ka tura Juma'a da yamma bayan an rufe, sai Litinin za a fara taɓa shi, ya iso Talata ko Laraba, in Litinin ɗin ta faɗa hutu kuma sai ka ƙara kwana, ga shi an riga an cire daga can bai kuma shiga nan ba, kana ta buɗe manhaja kana rufewa kana jiran alat.

Sannan ko ya iso sai ka ga balans ya nuna amma an ce ba za ka iya cirewa ba tukuna. Wannan riƙon ba mugunta ba ce zalla, bankin yana tsoron kar a dawo da transfar ne, ko dai ba kuɗi a asusun da aka jawo, ko mai asusun ya ce ba da izininsa ba, a tsarin ACH ma mutum yana da kwana 60 ya yi wannan ƙorafin. Sabon asusu da babban kuɗi su aka fi riƙewa. Duk da haka ina ganin rashin adalci ne a ɓoye wannan sharaɗin can cikin ƙananan rubutu, ya kamata a faɗa wa mutum ƙarara tun kafin ya zuba.

Ga wata dabara da ba kowa ya sani ba. Akwai bambanci tsakanin ka shiga bankin da kuɗin yake ka tura, da ka shiga bankin da zai karɓa ka ce ya jawo. In jawowa aka yi mai karɓa bai da tabbas kuɗin na nan, shi ya sa yake riƙewa, in kuwa turawa aka yi galibi yana sauka ka fara amfani da shi. Don haka ni daga inda kuɗin yake nake fara transfa.

Abin takaicin shi ne fasahar turawa nan take ta daɗe da samuwa. Birtaniya ta fara Faster Payments tun 2008, Indiya ta kawo UPI a 2016, Turai ta fara SEPA na nan take a 2017 mai isa cikin daƙiƙa 10, Brazil ta kawo Pix a 2020, Amurka kuma FedNow sai a 2023. Amma ba kowane banki ne ya shiga ba, wani ma yana karɓa amma ba ya turawa. Ka tambaye su kai tsaye, kuna kan tsarin nan take wajen fitarwa? Nawa ne iyaka a rana? Sau nawa zan cire a wata ba caji? In amsar ta zo da kwana-kwana ni na haƙura da su.

Kafin ka kai babban kuɗi gwada da ɗan kaɗan, ka tura ka kuma dawo da shi, ka ga yadda fitar take, ka kira layin kwastoma ka ji ko mutum ne zai ɗauka. Kuma kar ka kwashe komai, bar abin da zai riƙe ka na wata guda a asusun da kake cirewa da kati.

In transfa ta maƙale don Allah kar ka sake turawa, sau da yawa duka biyun ke wucewa daga baya. Ajiye rasit da lambar shaidar transfar, fara da bankin da ya tura ka ce su bi sawu su gaya maka ranar da ya bar hannunsu, sannan ka kai wa mai karɓa wannan lambar. Ƙorafin ka yi shi a rubuce, ka nemi lambar ƙorafi, in wa'adin da suka ba ka ya wuce ka kai wa hukumar da ke sa ido a kan bankuna. Kuma ka kiyayi masu zuwa maka ta Facebook ko WhatsApp da sunan ma'aikatan banki da zarar ka yi kuka a fili, suna fakon mai jiran kuɗi ne don sun san hankalinsa a tashe yake. Ba ma'aikacin banki na gaskiya da zai nemi lambar sirrinka ko lambar nan da ake turo maka ta tes, ko da kuwa ya karanto maka sunanka da lambar asusunka daidai.