Wallahi ban tsallake layi ba

Watana biyu a Manchesta abin ya faru, kuma har yau in na bi ta gaban shagon nan na aika saƙo sai na ji raina ya sosu. Wata Asabar ce a Nuwamban 2022, ana yayyafin nan nasu da ba ya ƙarewa, na shiga in aika wa ƙanwata wasu takardu. Taga uku ce ake karɓar saƙo. Mutum bakwai ko takwas na tsaye can baya wajen kantar katunan gaisuwa, tsakaninsu da tagogin akwai filin da za a shimfiɗa tabarma biyu. Ni na ɗauka kaya suke dubawa. Da wani ya bar tagar tsakiya, sai na taka na tsaya.

Wata dattijuwa mai jar hula ta ce, "Excuse me, love, there's a queue." Abin da ya shiga kunnena "kiyu" ne, har na ɗaga kai ina duba ko an yi wa tagogin lamba da haruffa. Kalmar na san ta a takarda tun ina sakandare, amma a bakinmu layi ne, layin mai, layin banki, layin asibiti, kuma saurin maganar mutanen arewacin Ingila bai zauna mini a kunne ba tukuna. Sai wani ƙato a bayanta ya ce, "He's jumped the queue. That's out of order." Ni kuwa "out of order" a jikin injin cirar kuɗi da ya lalace kaɗai na taɓa ganinsa. Sai daga baya aka fahimtar da ni cewa in mutum aka faɗa wa, ana nufin ya yi rashin ɗa'a. Ma'aikaciyar ta nuna mini ƙarshen layin da biro. Na koma na tsaya, ambulan a hannu, gumi ya karyo mini duk da sanyin da ake yi. Ba wanda ya ƙara cewa uffan, kuma shirun nan ya fi maganar ciwo. Da a Kano ne da an ɗan yi hayaniya, in ba da haƙuri, wani ya ce ku ƙyale shi baƙo ne, shi ke nan magana ta mutu. A nan minti ashirin na yi a tsaye da laifin a wuyana.

Rashin ɗa'a fa aka ce. Ni da mahaifina, Allah ya jiƙansa, yake tashina asuba ya riƙe hannuna zuwa masallacin unguwa, liman na cewa a daidaita sahu, a haɗa kafaɗa, a toshe giɓi. Abin da aka raine ni a kai ke nan: in ka ga fili a gabanka ka matsa ka cike shi, barinsa ne aibi. Su kuma a nan filin da ake bari shi ne ladabin, don kada ka ji abin da na gabanka ke faɗa wa ma'aikaci, ga shi zamanin korona ya ƙara saba musu da tazarar mita 2. Layi ɗaya ne ke ciyar da tagogin uku, duk wadda ta buɗe na gaba ya je. Ba wanda ya gaya mini wannan a filin jirgi.

Wanda muke haya tare, mutumin Maraɗi ne, shi ya warware mini kalmar a daren. Ya ce ai tasu ce, daga Faransanci Turawan Ingila suka are ta, kuma asalin ma'anarta wutsiya. Haruffa biyar, na farkon kaɗai ake furtawa. Na kwana ina juya abin, wato na bar wutsiya na je na tsaya a kai. Ba'amurke kuma "line" yake cewa kamar mu, mai tsallake layi ya ce masa "cut in line", Bature na nan ya ce "jump the queue" ko "push in". Na sayi ƙaramin littafi ina rubuta su. "Are you in the queue?" kafin ka tsaya bayan kowa. "Who's next?" a shagon aski, inda babu layin da ido ke gani amma kowa ya riƙe wanda ya riga shi shigowa. "After you", in kana son ba wani hanya.

Da na lura da kyau ma, tun makon da na sauka an nuna mini darajar abin a wurinsu. Sarauniya Elizabeth ta rasu ran 8 ga Satumba, aka ajiye gawarta a zauren Westminster, mutane wajen dubu 250 suka bi layi a gefen kogin Thames don yi mata ban kwana, har akwai lokacin da aka ce jiran zai kai awa 24. Shahararren ɗan ƙwallon nan David Beckham da kansa ya yi fiye da awa 12 a tsaye cikin jama'a. A talabijin na gani, ban kawo cewa darasina ake karantawa ba.

A ɗakin ajiyar kayan da nake aikin awa 20 a mako, wanda bizar ɗalibi ta yarda da shi, kalmomin jeri ne abincina. "Sort" shi ne ware kwalaye, kowanne da lambar unguwarsa. "Stack" a ɗora wani kan wani. In an gama, shugaban aiki ya ce "sorted", kuma haka suke cewa ga duk matsalar da aka kashe. Yanzu ni ake turo wa sababbin zuwa in nuna musu, kuma ina jin daɗin hakan ƙwarai. Wanda ya fi taɓa ni shi ne "alphabetical order", wato jera sunaye bisa tsarin haruffa. Jerin sunayensu da sunan ƙarshe yake tafiya, nawa na ƙarshe kuwa sunan mahaifina ne, wanda ko a bayan idonsa ba ma kama shi. Ranar farko da aka kira shi da ƙarfi a ɗakin jira, sai da na waiga kamar zan gan shi.

A Fabrairun 2023 ne na daina jin haushin dattijuwar nan, ko in ce wani haushin ya danne shi. Lokacin canjin kuɗi ne, an sauya takardun naira 200 da 500 da 1,000, sababbin kuma sun yi ɓatan dabo. Na tura wa Umma kuɗin magani ta banki, suka shiga asusu, amma mai kemis ya ce sai tsaba, don tura kuɗi ta waya ba ya tafiya. Ƙanina ya fita bayan sallar asuba ya karɓo lambar layi a banki, aka rubuta masa a hannu da biro, ɗari da wani abu. Da rana ta take sai Umma ta je ta karɓe shi don ya tafi makaranta, mace mai ciwon gwiwa. Mu da muke jera jarkoki a bakin famfo tun dare, kowa ya san tasa kuma ba mai gusar da ta wani, ba za a ce ba mu san layi ba. Masu hanya ne ke shiga ta ƙofar baya suna fitowa da damin sababbin kuɗi, tsohuwa na tsaye a rana.

Na kira ta da daddare daga tashar bas, ni ma ina bayan mutum biyar. Na ce, "Umma, don Allah gobe kada ki koma." Ta ce ai wani yaro ya ba ta wurinsa, wata kuma ta aro mata kujera daga mai shayi, Allah ya yi musu albarka. Na tambaye ta ko an samu kuɗin. Ta ce kafin a zo kanta suka ƙare, amma an ce gobe lambar yau za a fara bi. Daga nan ta shiga tambayata ko ina sa rigar sanyin da ta ce in saya, da ko na samu inda ake sayar da kuka da daddawa.