Esans ko gazwal? Amsata daga Buruksel ga masu shirin sayen babbar kat-kat okaziyon

Assalamu alaikum 'yan uwa na Garwa da Marwa da Ngaundere, har da ku mutanen Kusiri masu tsallaka gadar Ngeli safe da yamma. Ina gaisuwa daga Buruksel, nan Beljiyam, eh ita dai Beljiyam ɗin da 'yan uwanmu na Najeriya suka mai da sunanta sunan duk wata tsohuwar mota. Ya zafi? Mu nan ruwa ne da sanyi ba dare ba rana, sai dai hamdala.

Abin da ya sa na zauna rubutun nan, wayata ta cika da saƙon murya kuma kusan duk tambaya ɗaya ce, wai ɗan uwa zan sayi babbar kat-kat okaziyon, wato jif mai ja da ƙafa huɗu wadda aka taɓa hawa, Land Cruiser V8 ko Prado ko Lexus ko Range Rover, esans zan ɗauka ko gazwal, wato fetur ko dizel? Kuma kafin in buɗe baki mai tambayar ya riga ya ba kansa amsa, sai ka ji ya ce ai dai gazwal shi ne ƙarfi ko? To na gaji da maimaitawa ɗaya bayan ɗaya shi ya sa na ce bari in faɗa sau ɗaya kowa ya ji. Ni ba injiniya ba ne, amma na daɗe ina cin abinci a titin Heyvaert, inda ake tara tsofaffin motoci ana kai su tashar jirgin ruwa ta Anbers su wuce Duwala da Kwatano, kuma motar da na ɗora a jirgi nakan ji labarinta bayan shekara ɗaya ko biyu, mai daɗi ko mara daɗi.

Son da muke yi wa gazwal ba a banza ba ne, na sani. Mun taso muna ganin Land Cruiser mai injin 1HZ, lita 4.2, silinda 6, ba turbo ba kwamfuta, famfon mai na ƙarfe zalla, irin wadda ma'aikatan agaji da asibitoci da sojoji ke shiga daji da ita. Wannan inji ko man ya ɗan yi datti zai yi tari ya wuce, in ya tsaya kuma duk bakaniken da ke ƙarƙashin darbejiya daga Yelwa har Abeshe zai kwance shi ya ɗaura. Mutanen Cadi kuwa ba sai an faɗa musu ba, yaƙin 1987 da Libiya har Yaƙin Toyota Turawa suka sa masa suna. Wannan sunan kirki shi ke cikin kanku in kun ce gazwal. Amma wallahi gazwal ɗin da ke jere a nan Turai yanzu ba ɗan gidan su 1HZ ba ne, suna kawai suka haɗa.

Injin gazwal na zamani yana tura mai cikin enjekta da matsin da ya kai bar 1,600 zuwa 2,000, ramukan enjektan kuma ƙanana ne kamar silin gashi, kuma shi kansa man shi ne ke shafe famfon kada ƙarfe ya ci ƙarfe. An ƙera shi ne don man Turai, wanda tun 2009 doka ta ce sulfa a cikinsa kada ya wuce kashi 10 cikin miliyan. Yanzu ka ɗauko wannan inji ka zuba masa man da ya kwana a duro, da ɗan ruwa a ƙasa da ƙurar hunturu a sama, ko wanda wani mara tsoron Allah ya sirka da kananzir saboda kananzir ya fi araha. Kananzir ba ya da santsi, famfo sai ya fara cin kansa yana sakin garin ƙarfe, garin ya bi layi ya shiga enjekta duka, a V8 kuwa guda 8 ne. Ka je ka tambayi kuɗin guda ɗaya na asali ka ninka da 8, ka ɗora famfo, ka ɗora wanke tanki da layuka, sannan ka dawo mu yi magana.

Ba a nan ta tsaya ba. Tun da dokar rage hayaƙin mota ta Turai, Euro 5, ta shigo a 2009 kusan duk motar gazwal ta Turai tana da matatar hayaƙi a salansa, Faransawa na ce mata FAP. Tana tara toka, in ta cika sai mota ta ƙona tokar da zafin wajen digiri 600, kuma hakan na so ne a yi tafiya mai ɗan nisa ana gudu ba tsayawa. To Alhajinmu ina yake zuwa? Gida, kasuwa, masallaci, ɗaurin aure, sai direba ya bar inji a kunne awa guda a ƙofar gida don kilim, wato na'urar sanyaya mota, kada mota ta yi zafi. Matata ta toshe, gazwal ya dinga sauka cikin baƙin mai yana tsinka shi, fitila ta kama a gaban direba, mota ta ƙi wuce gudun amalanke. Daga 2014 zuwa 2015 kuma Euro 6 ta zo da AdBlue, wani ruwa ne da ake zubawa a ƙaramin tanki daban, in ya ƙare ka kashe mota ba za ta sake tashi ba, da gangan aka yi ta haka. Kuma ruwan ba ya son zafi, yana lalacewa in ya daɗe a ajiye a rana. Ku da kuka san Garwa a watan Afrilu sai ku yi lissafi.

Baffana, ƙanen mahaifina, shi ya koya min wannan karatu da kuɗinsa. Ya dage sai na samo masa wata babbar mota ta Turai mai gazwal, ba zan faɗi sunan kamfani ba, fata ciki, rufi na gilashi, ga araha. Na ce Baffa a yi haƙuri a duba mai esans, ya ce kai yaro ne, tun ba a haife ka ba nake hawa gazwal. Na yi shiru, ai ba a musu da manya. Wata 7 ta yi tana ɗaukar ido a gari, daga nan fitila, daga fitila sai aka nemo mai valiz ya jona kwamfuta ya goge, bayan kwana 3 ta dawo, aka cire matatar aka huda, sai wata fitilar ta kama saboda ba a gyara kwamfutar ba, ana cikin haka famfo ya tafi. Yanzu tana tsakar gida an lulluɓe ta da tamfol kaji na ƙwai a ƙarƙashi, shi kuma in mun yi waya ba ya tada zancen ni ma ba na tadawa.

Kun san me ya sa take araha a nan? Tun abin kunyar Volkswagen na 2015 Turawa suka fara juya wa gazwal baya, birane suna ta kafa dokar hana tsofaffin motoci shiga. Buruksel ta fara tata a 2018, a 2022 kuma ta hana gazwal Euro 4 shiga gari gaba ɗaya. Mai mota ba yadda zai yi sai ya rabu da ita, sai ta gangaro Heyvaert, sai ku gani a hoto ku ce an samu banza. Araha dai ba ta ado.

To esans fa, shi ba shi da laifi? Yana da shi mana, sha. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. V8 mai lita 5.7 na Lexus LX 570 ko 4.6 da 4.7 na Land Cruiser, a yadda na gani in ka haɗa gari da hanya da kilim, ka sa lita 17 a kilomita 100, gazwal V8 mai lita 4.5 kuma ka sa 12. Mu ɗauki farashin da gwamnatin Kamaru ta sa a Fabrairun 2024, litar esans sefa 840 ta gazwal 828, kun ga tazarar sefa 12 ce kacal, ba kamar da ba lokacin da ake 630 da 575. Mai yin kilomita 1,000 a wata zai sha esans na 142,800, gazwal kuma na 99,360, bambanci wajen 43,000 a wata, a shekara ya ɗan haura 520,000. Kuɗi ne ba wasa ba. A Cadi kuwa a Fabrairun 2024 ɗin dai esans ya koma 730 gazwal 828, wato gazwal ya fi tsada duk da matatar Jarmaya na nan kusa da Injamena tun 2011, sai bambancin ya sauko wajen 25,000 a wata. Amma duk abin da ka tara a shekara 2 ko 3, tanki ɗaya na mugun gazwal zai iya kwashe shi a yini guda har ka ciko daga aljihu, kuma yawancinku ma ba ku yin kilomita 1,000 ɗin, mu faɗa wa juna gaskiya.

Sai maganar da ba a so a yi a fili, zuwa-zuwa, wato man sumoga daga Najeriya da ake sayarwa a bakin titi. Kowa zai rantse shi a gidan mai kawai yake sha, amma ranar da aka yi layi ko aka ce babu, ko dare ya yi maka tsakanin Mora da Dabanga, ko direba ya ga zai samu na cefane, kwalba da jarka za a nufa. Tun da matatar Sonara ta Limbe ta ƙone a Mayun 2019 man Kamaru daga waje yake zuwa, ya sauka Duwala, ya hau jirgin ƙasa zuwa Ngaundere, ya hau tanka ya gangaro Falez, tsaunin nan da ke kan hanyar Ngaundere zuwa Garwa, abu kaɗan ne zai sa a wayi gari famfo a bushe. Ko da Tinubu ya cire tallafin mai a Najeriya a Mayun 2023 zuwa-zuwa ya yi tsada, bai ɓace ba, kuma yawancinsa esans ne. Tsohon injin esans mara turbo, irin V6 mai lita 4.0 na Prado da Land Cruiser ko waɗancan V8 ɗin, in ya sha mugun mai zai yi ƙara ya yi kasala, ka canza filta da buji, in ta yi tsanani famfon cikin tanki, ka ci gaba da tafiya. Ba na ce ku zuba ba fa, cewa na yi in tsautsayi ya sa aka zuba, wannan jinya ce wancan kuwa jana'iza. Amma ku lura, esans na zamani mai turbo ko mai fesa mai kai tsaye cikin silinda, irin na manyan motocin Jamus da Ingila, shi ma ɗan gata ne ba ya son wahala, kada ku ce na ce duk esans ɗaya ne.

Akwai wanda ni da kaina zan ce masa ɗauki gazwal. Mai fataucin shanu da ke zirga-zirga Adumri, mai gona a daji da ke kutsa karal, baƙar ƙasar nan mai laka, da damina yana jan tirela, mai tafiya Abeshe ko Faya inda tsakanin gidan mai da gidan mai sai ka yi addu'a. Shi yana bukatar ƙarfin ja tun inji na ƙasa-ƙasa, yana bukatar nisa, Land Cruiser 200 mai tanki biyu lita 138 take ɗauka kuma da gazwal za ta kai shi inda esans ba zai kai ba, ga shi tafiyarsa doguwa ce inji na samun zafin da yake so. Amma ko shi ya nemi wadda aka ƙera don Afirka ko ƙasashen Larabawa, mara FAP mara AdBlue, ba wadda ta gama rayuwarta a Jamus ba. Ya ƙara filta ta biyu mai raba ruwa da mai, ya riƙe gidan mai ɗaya da ya yarda da shi, ya juye baƙin mai duk kilomita 5,000 ba sai littafin Turai ya ce ba don littafin bai san ƙurarmu ba, in ya hau Falez kuma kada ya kashe nan take, ya bar turbo ya huce minti ɗaya ko biyu.

In dillali ya turo muku hoto daga nan, ku ce ya buɗe murfin tanki ya ɗauka, in kun ga ƙaramin murfi shuɗi kusa da na mai to AdBlue ne. Ku ce ya ɗauki takardar mota, layin V.9 shi ke nuna Euro nawa ce. In motar Beljiyam ce ku nemi Car-Pass, takarda ce da ke nuna tarihin kilomita, don mai da agogo baya sana'a ce a wannan harka. Ya kuma shiga ƙarƙashi da fitila, nan gishiri ake watsawa a titi lokacin ƙanƙara kuma yana cin shasi, sai ka ga sama amarya ƙasa tsatsa. Ta Dubai galibi esans ce ga kilim mai ƙarfi, ta Amurka ma esans amma a binciki ko ta taɓa nutsewa a ambaliya ko haɗari. Mai sitiyari a dama ta Ingila ko Japan ku bar musu kayansu. Kafin ku biya ko sisi kuma ku je wajen mai fitar muku da kaya a duwan, wato kwastan, ya yi muku lissafi, don kuɗin na bin girman inji da shekarun mota, kada ta iso Duwala a fara kiran dangi.

Ni dai in kuɗina ne kuma a Garwa zan zauna, V6 mai lita 4.0 esans zan saya in yi ta ƙorafin mai a majalisa, ko ba komai ƙorafin a cikin mota zan yi shi tana tafiya. Ku da bakanikenku ku zauna tukuna, ku tambaye shi wane inji ya taɓa kwancewa da hannunsa kuma ina yake samo kayan, in ya fara kame-kame to kun ji amsa.

A gaida Baffa da iyali, kada wanda ya nuna masa wannan rubutu don Allah. Mai zuwa nan kusa kuma ya taho min da yaji da kuka, kilishi kam a bar shi, a filin jirgi za su ƙwace.

Naku,
ɗan uwanku na Buruksel