Allurar kashe yatsa

Jama'a, yau aka cire mini gefen farcen babban yatsan ƙafa da ya nutse cikin nama. Abin mamaki, likita ko kusa da ciwon bai kai allurar ba. A gindin yatsan ya soka, hagu da dama, don ta nan jijiyoyi huɗu masu ɗaukar saƙon zafi suke bi. Lidoken ne maganin, kuma shigarsa akwai raɗaɗi kam, sai da na cije leɓe. Kafin minti 10 yatsa ya yi nauyi, kamar na aro. Ina kallo yana yanka, ina jin ana dannawa ana ja, amma zafi ko ɗis! Wajen awa 2 ya fara farfaɗowa da zugi, nan fa na lalubo farasitamol.