Zuwa ga makanikai na Kano, kafin ku ɗora tsohuwar mota a kan lif

Assalamu alaikum ƴan uwa, ya aiki ya zafin Kano? Daga Jamus nake rubuto muku, a wani gareji nake aiki inda ake yawan kawo mana tsofaffin motoci, kuma na ji lif, wato injin ɗaga mota sama, ya fara shiga garejojinmu a gida shi yasa nace bari in ɗan yi magana.

Matsalar tsohuwar mota ba nauyi bane, tsatsa ce. Fijo 504 tun 1968 aka fara ta, PAN ta Kaduna kuma ta fara haɗa Fijo a 1975, to ƙarfen da ya kai wannan shekarun kar ka yarda da shi don fenti yana ƙyalli, fanal bita ya iya shafe ruɓa da fila. Kuma 504 ba irin tsohuwar Land Rover bace mai casis daban, bodin ne ke ɗauke da komai. Ka durƙusa da tocila ka ƙwanƙwasa wajen da zaka sa hannun lif ɗin da sukundireba, in ƙarfen ya lotsa ko yana zubo gari gari to canza waje. A nan gishirin da ake zubawa a titi lokacin ƙanƙara shi ke cinye ƙasan mota, ƴan Beljiyam da yawa da ciwon suke zuwa muku.

Wajen sa hannun lif, banda ƙasan inji, banda tankin mai, banda layin birki. In ka saita hannuwan huɗu ɗaga ta kaɗan tayoyi su bar ƙasa kawai, ka girgiza ta da ƙarfi ka sake leƙawa, sannan ka ƙarasa. In ta kai sama sauke ta kaɗan ta zauna kan makullin ƙarfe na lif ɗin, kar ka barta kan man haidirolik, tiyo na iya fashewa.

Volkswagen ƴar kunkuru injinta a baya yake, nauyin yana can, ranar da zaka sauke inji sai ka tokare gaba da bayan da sitan, wato ƙarfen tokare mota, don nauyi zai juya. Ni dai in mota ta ruɓe sosai na fi son lif mai ƙafa huɗu wanda take hawa da tayoyinta, a sa waigi a taya shikenan.

Masu jak kuma Allah ya baku haƙuri, bulon siminti ba abin tokare mota bane, fashewa yake ba sallama, a nemi sitan na ƙarfe ko katako mai kauri. A gaida mutanen Ƙofar Ruwa.