Alhamis ta mako na 27: daga miƙa yini zuwa binciken zuciya

Ƙarfe biyar da rabi na asuba. Abu na farko shi ne alamar gicciye da miƙa yini ga Allah, tun kafin ƙafa ta taka ƙasa, tun kafin hannu ya kai ga waya. Miƙa yinin ba ya son dogon zance: aiki, gajiya, daɗi da ɓacin rai, duk a danƙa su ga Ubangiji tare da hadayar Misa da ake yi ko'ina a duniya a wannan rana. Minti ɗaya ya isa. Waya kuwa dole ta jira, domin duk abin da ya riga shiga kai da safe shi ke riƙe ragamarsa. Wanda ya fara da duba saƙonni zai zauna gaban Zabura a buɗe, amma ransa na can yana tsara amsar da zai tura.

Yau muna cikin mako na 27 na makonnin da Fada, wato firist na Katolika, ke sa koren kaya a Misa. Tun tsarin da ya fito a 1971, zamanin Paparoma Bulus na Shida, an shimfiɗa Zabura a kan makonni huɗu a littafin Addu'ar Sa'o'i, wato addu'o'in da Cocin Katolika ta tsara wa lokuta daban-daban na yini, kuma gano makon da ake ciki ɗan lissafi ne: a raba lambar makon gida huɗu a duba ragowa. 27 ya bar 3, wato mako na uku ke nan. In babu ragowa, na huɗu ne. Don haka Addu'ar Safe ta yau ta zo da Zabura 87, waƙar Ishaya daga sura 40, da Zabura 99. Bayansu gajeren karatu da amsa, sai waƙar Zakariya (Luka 1:68-79) wadda ake yi a tsaye da alamar gicciye, sai roƙe-roƙe, Ubanmu, da addu'ar rufewa. In an yi a natse, kwata ɗin awa ne. Masu fara wannan addu'a sukan yi tuntuɓe a wuri biyu. Na ɗaya, ba su gyara zaren alamar shafi tun da dare ba, sai rabin lokacin ya ƙare a juya takarda. Na biyu, lambobin Zabura: lissafin Ibrananci da na Girkanci da Latin sun bambanta da ɗaya a mafi yawan littafin, shi ya sa ake ganin 87 da 86 a rubuce tare. Wanda bai lura ba sai ya buɗe Littafi Mai Tsarki a zaburar da ba ita ba.

Majalisar Vatican ta Biyu, babban taron bishop-bishop na Katolika, a 1963, ta kira Addu'ar Safe da ta Yamma hinji biyu da ƙofar yini ke juyawa a kansu. Ga mai iyali da aiki wannan sauƙi ne babba: in ba za a iya duka sa'o'in ba, a riƙe waɗannan biyun.

Bisharar yau ita ce Luka 11:5-13, kuma a nan na daɗe. Mutum ya yi baƙo da tsakar dare, ba shi da abin ba shi, ya tafi gidan abokinsa yana roƙon gurasa uku. Na ciki ya ce an riga an kulle ƙofa, yara sun kwanta, kada a dame shi. Yesu ya ce ko bai tashi saboda abota ba, zai tashi saboda nacin mai roƙon.

Hanyar karatun da na bi ita ce tsohuwar nan mai hawa huɗu da Guigo, wani ɗan zuhudu na ƙarni na 12, ya tsara: karatu, tunani, addu'a, da zama shiru gaban Allah. Karatun sau biyu ake yi, na biyun da ɗan motsa leɓe, don ido shi kaɗai yana da saurin tsallake layi. A karatu na biyu sai abu guda ya tsaya wa mutum a rai. Nawa yau shi ne cewa gurasar da mutumin nan yake roƙo ba don cikinsa ba ce, don baƙonsa ce. Ya fita cikin dare, ya jure kunyar tayar da gida guda, saboda buƙatar wani. Sai kuma ƙarshen nassin. A Matiyu 7:11 alkawarin shi ne Uba zai ba da kyawawan abubuwa ga masu roƙonsa, amma Luka ya ce Ruhu Mai Tsarki zai bayar. Wannan yana gyara wata fahimta da ta yi yawa, wadda ke ɗaukar "ku roƙa za a ba ku" kamar takardar karɓar kaya. Abin da aka lamunce shi ne uba ba ya miƙa wa ɗansa maciji a madadin kifi, ko kunama a madadin ƙwai. Ba a ce kullum kifin da aka nuna da yatsa za a bayar ba, ko a ranar da aka so.

Kuskuren da aka fi yi a irin wannan karatu shi ne mayar da shi nazari. Ana buɗe littattafan sharhi, ana bin ayoyi daga nan zuwa can, minti ashirin su wuce ba a ce wa Allah uffan ba. Nazari yana da lokacinsa, amma a nan da zarar kalma ta kama zuciya sai a ajiye littafi a yi magana. Shirun ƙarshe kuma a sa masa iyaka, ko da minti uku ne, in ba haka ba shi ake fara yankewa.

Wurin da addu'ar safe take yawan mutuwa shi ne bakin ƙofa, lokacin fita. An ji daɗin tunani, an tashi, ƙarfe tara na yi babu ko alamarsa. Maganin shi ne ƙuduri guda ɗaya, ƙarami, mai suna da lokaci. "Zan zama mai haƙuri" ba ƙuduri ba ne, buri ne, ba kuma yadda za a auna shi da dare. Na yau shi ne: duk wanda ya katse mini aiki da wata buƙata, zan ɗago kai in saurare shi har ya gama kafin in amsa. Daga nassin ya fito kai tsaye, domin mai roƙo ga Allah da safe shi ne na cikin ɗaki da rana, wanda ake ƙwanƙwasa wa ƙofa a lokacin da bai so ba.

Waliyyi Ignatius na Loyola ya bar dabarar bin sawun irin wannan ƙuduri. A zana layi biyu a takarda don kowace rana. Bayan abincin rana a tuna sa'o'in da suka shige, a ɗiga ɗigo a layin farko sau adadin da aka faɗi. Bayan abincin dare a yi haka a layi na biyu. A lokacin da abin ya faru kuma, a ɗora hannu a ƙirji a hankali, yadda ko cikin taro ba wanda zai gane. Sai a gwada layi da layi, yau da jiya, mako da mako. Wasu suna ganin wannan ya yi kama da aikin akanta, kuma da gaskiyarsu in mutum mai yawan zargin kansa ne. Irin wannan ya fi kyau ya nemi shawarar Fada kafin ya fara. Ga sauran jama'a kuwa, ɗigon yana kashe ruɗin kai, don zuciya gwanar mantuwa ce in lissafi bai yi mata daɗi ba.

Mai zuwa Misar safe ya tuna da azumin awa ɗaya kafin karɓar Jikin Kristi. Daga lokacin karɓa ake ƙirgawa baya, ba daga fara Misa ba, kuma ruwa da magani ba sa karya shi.

Sha biyu na rana, addu'ar da ake kira "Mala'ikan Ubangiji". Ayoyi uku, kowace da "A gaishe ki Maryamu" ɗaya, sai addu'ar rufewa. A aya ta uku, inda Kalma ya zama mutum, ana sunkuyar da kai ko a durƙusa. Ba ta kai minti uku ba. Amfaninta shi ne tana faɗowa a tsakiyar aiki, ba ta jiran a gama. Wanda ya ce bari in ƙarasa wannan tukuna, sai ya farga ƙarfe biyu. A kwanaki hamsin na Ista ana maye gurbinta da "Sarauniyar Sama". Nan ne kuma wurin layin farko na takarda.

Tsakanin azahar da la'asar ƙuduri ke shan wuya, gajiya ta sauka, murya ta fara kaifi. Gajerun addu'o'i na numfashi ɗaya ne ke aiki a nan, irin su "Yesu, na dogara gare ka". Ɗaura su da agogo ba ya ɗorewa. Gara a ɗaura su da wani abu da ake yi sau da yawa, kamar buɗe ƙofa ko ɗaga kiran waya. Ƙarfe uku kuma, sa'ar mutuwar Ubangiji, ko ba a sami damar yin carbin Jinƙan Allah ba, a ɗan dakata.

Rosari da yamma, wato carbin da ake ja ana "A gaishe ki Maryamu" goma-goma, kowane goma da asiri guda da ake tunani a kansa, tunda Oktoba watansa ne. Alhamis ranar Asiran Haske ce, waɗanda Paparoma Yohanna Bulus na Biyu ya ƙara a 2002: baftisma a Kogin Urdun, bikin Kana, shelar Mulkin Allah, sāke kamannin Yesu a kan dutse, da kafa Jibin Ubangiji. Shi da kansa ya ba da shawarar a ambaci asirin, a karanta aya, a yi ɗan shiru, sannan a fara Ubanmu. Wannan shirun na daƙiƙa goma shi ke raba rosari da ƙirga duwatsu. Babban yatsa da manuni su riƙe dutsen carbi ɗaya har a kai sunan Yesu a cikin "A gaishe ki Maryamu", a ɗan ja numfashi a wurin, kana a ƙarasa a zame zuwa na gaba. Rosarin da aka gama cikin minti goma an yi tsere ne; ashirin ya fi kusa da daidai.

Hankali zai tafi yawo, babu makawa. Katikisim na 1992, littafin koyarwar Cocin Katolika, a sakin layi na 2729, ya ce bin waɗannan tunane-tunane da farauta faɗawa tarkonsu ne, abin da ake so kawai a komo. Ya ƙara da cewa abin da ke ɗauke hankali yana tona abin da zuciya ta manne wa. Don haka ba a sake goman daga farko don an yi nisa a tsakiya, in ba haka ba sai a kwana a asiri na biyu. In tunanin wani mutum ne ya yi ta dawowa, a sa shi cikin niyyar goman, a ci gaba.

Addu'ar Yamma: Zabura 132 kashi biyu, waƙa daga Wahayin Yahaya, da waƙar Maryamu (Luka 1:46-55).

Binciken zuciya na dare yana da matakai biyar a wurin Ignatius, kuma jerinsu ba a banza yake ba: godiya, roƙon haske, bin yini sa'a bayan sa'a, neman gafara, da niyyar gyara. Mutane sukan tsallake biyun farko su afka wa na uku, sai abin ya koma zaman kotu, bayan 'yan kwanaki su gaji su bari. Godiyar ta zama mai suna, abu biyu ko uku na yau ɗin nan, ba "na gode da komai" ba. Kuma a yi binciken a zaune kafin a hau gado, don a kwance barci ne ke cin nasara tun a mataki na biyu. In yinin ya kasance busasshe, addu'a ba ɗanɗano, ƙa'idar Ignatius ita ce ba a canza shawarar da aka yanke lokacin haske a lokacin duhu. Maimakon rage lokacin addu'a, a ɗan ƙara a kansa. Sai dai a fara duba abubuwa na fili: barci ya isa? An koma yin addu'a a sa'ar da jiki ya riga ya mutu? Akwai wanda ake gaba da shi?

Addu'ar Dare ta Alhamis tana da Zabura 16 da waƙar Saminu (Luka 2:29-32). Na cika layi na biyu, na mayar da zaren littafi kan Jumma'a ta mako na uku. Gobe Addu'ar Safe za ta buɗe da Zabura 51 kamar kowace Jumma'a, rosari na Asiran Baƙin Ciki ne, kuma ranar tuba ce, don haka abin da za a hana wa kai a zaɓe shi tun yanzu a rubuta a saman takardar gobe.