Kwana biyu a kan Mogollon Rim da taswirar gwamnati a hannu

Mun bar Flagstaff da sassafe a ƙarshen watan Yuli, tsakiyar daminar arewacin jihar Arizona ta Amurka, muka nufi kudu ta titin Lake Mary. Garin yana kan tudu, kimanin mita 2,100 sama da teku, kuma dajin Coconino ya kewaye shi, fili mai fiye da eka miliyan 1.8 cike da dogayen itatuwan ponderosa masu ganye kamar allura. Niyyarmu mu bi hanyar daji mai lamba 300, wadda ke bin bakin gangaren Mogollon Rim, mu gwada abin da takardun gwamnati suka faɗa da abin da taya za ta taka.

Hukumar kula da dazuzzukan Amurka, wadda aka kafa a 1905 ƙarƙashin ma'aikatar noma, tana riƙe da hanyoyi kimanin mil 370,000. Yawancinsu an share su ne bayan Yaƙin Duniya na Biyu don fito da katako. Da sare itace ya ragu a shekarun 1990, kuɗin gyara ya ja baya, hanyoyin kuwa suna nan. Wanda ya riƙe wannan tarihi a ransa ba zai yi mamakin abin da zai gani a cikin bayanan ba.

Takarda ta farko da na buɗe a kan cinyata ita ce taswirar da ake kira MVUM, ta hanyoyin da aka yarda abin hawa ya bi. Kyauta ake bayar da ita, baƙi da fari ce, babu tuddai ko kwari a cikinta, kuma ana sabunta ta kowace shekara. Asalinta dokar zirga-zirga ce ta 2005, wadda ta juya al'amarin gaba ɗaya: a da, hanya a buɗe take sai an kafa allon hani, yanzu kuwa duk hanyar da ba ta cikin taswirar haramun ce ga mota, ko da kana ganin sawun taya a kanta ƙuru-ƙuru. Hukuncin saɓawa yana iya kaiwa tarar dala 5,000 ko ɗaurin wata shida. Amma taswirar tambaya ɗaya take amsawa, wato ina doka ta ba ka izini. Ba ta ce motarka za ta iya ba.

Amsar wannan tana cikin jadawalin hanyoyi da hukumar ke sakawa a rumbunta na intanet, FSGeodata. Na sauke shi tun daga gida. Kowace hanya an yanka ta gunduwa-gunduwa, kowace gunduwa da layinta, da mil ɗin da ta fara da wanda ta ƙare. Kuskuren farko da mutane ke yi ke nan: su karanta layi ɗaya su ɗauka ya shafi hanyar duka, alhali bayan mil uku tana iya sauyawa daga tsakuwa zuwa ƙasa zalla.

Ginshiƙin da ya fi muhimmanci shi ne matakin gyara, daga 1 zuwa 5. Mataki na 1 rufaffiyar hanya ce da aka ajiye fiye da shekara. Na 2 na motoci masu tsayin ƙasa ne, ba a yi alkawarin gireda za ta bi ta kansa ba, kuma fiye da rabin hanyoyin hukumar a nan suke. Na 3 ƙaramar mota za ta iya bi a hankali, galibi layi ɗaya ne da wuraren kaucewa. Na 4 da na 5 su ne masu daɗi, na ƙarshen yawanci kwalta mai layi biyu. Sai dai ginshiƙan matakin guda biyu ne, kuma nan ake ruɗewa. Ɗaya yana nuna matakin da ake kula da hanyar a yanzu, ɗayan kuma wanda ake son ta koma nan gaba. Matafiyi na farkon zai duba.

Bayan mun wuce tafkin Mormon da Clints Well muka hau babbar hanya ta 87, sannan muka karkata zuwa ta 300. Nan kwalta ta ƙare. Tsakuwa ce, ga gargada jere kamar bugun kwano, wadda gudun motoci ke haifarwa a busasshiyar hanya. Rage iskar taya kaɗan yana kwantar da jijjigar, muddin akwai famfon mayar da ita kafin a koma kwalta. Ta hannun dama ƙasa ta yanke, gangare ya faɗi ɗaruruwan mitoci, daji ya miƙe shuɗi-shuɗi har inda ido ya tsaya. Wani sashen hanyar yana bin sawun wadda sojojin Janar George Crook suka share a shekarun 1870.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda allunan bakin hanya suke maimaita jadawalin. Inda lambar hanya take a kwance a kan allo, ƙaramar mota za ta iya. Inda lambobin suka jeru daga sama zuwa ƙasa a kan siririn turke, mataki na 2 ne. Muka shiga ɗaya irin wannan da yamma don neman wurin kwana, domin taswirar ta sa ɗigo-ɗigo a gefenta, alamar an yarda a kauce da mota har ƙafa 300 don kafa tanti. Ba mu yi mil guda ba muka tarar da kwalbati da rassa da laka suka toshe. Ruwa ya rasa hanya, ya hau kan titin ya ci shi, ya bar rami da ya kai gwiwa, bakin bututun ƙarfen a waje. Taswira ta ce a buɗe take, jadawali ya ce sai mota mai tsayin ƙasa, dukansu sun faɗi gaskiya. Ruwan makon nan ne babu wanda ya rubuta. Muka juya tun da sauran haske, don yumɓun wurin idan ya jiƙe yana cika zanen taya, mota ta zame kamar a kan sabulu, kuma tayoyin da suka nutse su ne ke haƙa kwarin da ruwa zai bi gobe.

Shi ya sa akwai abu na uku da ba a tsallakewa: umarnin rufewa na ɗan lokaci, wanda ofishin daji ke fitarwa saboda gobara, ambaliya ko dusar ƙanƙara, kuma yana gaba da taswira. A watan Yunin 2021 an rufe dajin Coconino baki ɗaya saboda haɗarin wuta. Hanya ta 300 kanta ana kulle ta da hunturu. Kira ɗaya zuwa ofishin hukumar daji na yankin kafin a tashi ya wadatar, tun da a saman gangaren sabis ɗin waya zuwa yake yana ɗaukewa. Mun riga mun sa taswirar a manhajar Avenza Maps, wadda ke nuna inda mutum yake ba tare da intanet ba.

Washegari muka ci gaba gabas. Da muka tsallaka cikin dajin Apache-Sitgreaves, hanyar ba ta sauya lamba ba, amma taswirarmu ta ƙare, domin kowane daji nasa bayanan yake fitarwa. Muka bi alluna har tafkin Woods Canyon, muka mayar wa tayoyi iskarsu, muka fita kan babbar hanya ta 260 hadari na haɗuwa a bayanmu.